Baitin Giɗaɗo

Tsamiyar Dogo, ta Kura,
14 ga Mayu, 1977.

Zuwa ga ɗana Ibrahimu,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ka cire gwiwata ta hagu da mutuncina. Innarka tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko yajin da ta aika ya isa, ko kuwa 'yan jami'a ba sa cin yaji sai da cokali mai yatsu.

Gwiwar keke ne ya kayar da ni a bakin kanal, magudanar ruwan gwamnatin nan, wannan ba laifin kowa ba ne. Mutuncin kuwa ni na zubar da shi da hannuna ran kasuwar Kura.

Ka bar mini rakodarka da kaset shida, ka ce in ɗauko maka waƙoƙin noma na Sammani mai ganga, domin a kansu za ka yi rubutun digirinka na biyu. Na je na same shi a zaurensa. Da ƙyar ya yi mini ɗan guntu, ba ganga, yana hararar akwatin kamar zai cije shi. Da a ce na kai gida na ajiye, da yanzu albishir nake rubuto maka. Sai Shaiɗan ya raɗa mini cewa Ɗalhatu, daga nan har Bunkure kai kaɗai ke da akwati mai maimaita magana, kuma za ka ɓoye shi ƙarƙashin gado? Na rataya shi a wuya na nufi teburin mai shayi.

Na ɗauki muryar mai shayi na sa masa, ya yi salati. Na ɗauki tarin Hamza mai taba, aka yi dariya. Har kukan jaki na ɗauka. Kafin in zo kan Sammani batir ya yi sanyi, ni kuma ban san abin da sanyin batir ke yi wa murya ba. Da na danna, muryar ta fito a ja, tana nishi kamar saniya mai naƙuda. Wurin ya kece da dariya. Maimakon in kashe, sai na ƙara gishiri, na ce ai haka yake rerawa in ya ƙoshi da tuwon suna. Ashe yana tsaye a bayana, ya zo sayen fata don gangarsa.

Ka san ni da Sammani rana ɗaya wanzami ya yi mana kaciya. Shekara hamsin yana kirana Akawun Ba Ofis, ina kiransa Maroƙin Kunya, ba wanda ya taɓa kwana da bashin zagin wani. Ran nan ya tsaya har muryar ta mutu, ya naɗe fatarsa ya tafi. Bai rama ba. Kwana tara ke nan ina bi ta ƙofar gidansa da tari na ƙarya, bai leƙo ba.

Amma kai ma, Ibrahimu, ka ba ni mamaki. Bijimai biyu na sayar a kan karatunka don ka koyo Turanci, ka koyo shi har ka fi injiniyan aikin ruwa, sannan ka juyo kana neman abin da ke bayan dangarmu. Ka ce a ajinku gardama ake yi a kan me ya isa a kira shi adabi, wani malaminku ya ce abin da ba a rubuta ba iska ne, kai kuma ka tashi gaban mutane ka ce za ka kawo musu shaida daga garinku kafin shekara ta fita. Ni da na tsaya aji uku a elementare ban san ana ba mutum digiri a kan gardama ba, da tuni ni farfesa ne. Da kuma na san waƙar Sammani karatu ce, da ban zane ka da tsumagiya ba lokacin da kake gudu daga makaranta kana bin gangarsa.

Kada ka tayar da hankalinka. Zan lallashe shi. Ka aiko da batir.

Ka gaida abokan ɗakinka. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Ɗalhatu Giɗaɗo.

Tsamiyar Dogo,
3 ga Yuli, 1977.

Ɗana Ibrahimu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya damina a wajenku? Mu nan ruwa ya sauka sosai, shuka ta yi kyau. Batir ya iso, tare da wasiƙarka mai shafi huɗu wadda na yi kwana uku ina haƙa kamar rijiya.

Abin da na gane a ciki shi ne, kun karanta littattafan waɗanda suka zo ƙasar nan a da suka rubuta mu, kuka tarar mu ake zance amma ba a jin mu, muryar mai rubutun ta rufe ta masu maganar. Ka ce shi ya sa ba ka son ka rubuta abin da ka tuna, kana son bakin Sammani da kansa. To, na ji. Wannan kam ko mai aji uku ya gane.

Ba ni na shawo kan Sammani ba, innarka ce. Ta dama fura ta kai wa matarsa Ruƙayyatu, suka yi ta tsakaninsu ta mata, washegari ya aiko a kira ni. Na tarar ya rame, yana tari irin wanda ba na taba ba. Bai tayar da zancen kasuwa ba, ni ma na yi kamar an haife ni jiya. Ya ce abin da na ɗauka ran nan ba waƙa ba ce, gawarta ce, don haka bai ga laifin masu dariya ba. Ya ce waƙar noma ba ta fita a zaure. Sai an samu maza a jere sun sunkuya, ganga tana bin bayansu, fartanya tana amsa mata. In ɗan boko yana son ta, ubansa ya kira gayya.

Ibrahimu, rabon garin nan da gayya shekara huɗu, tun zuwan katafila. Kai kana makaranta aka yi abin, hutu kawai kake zuwa ka ga kore ka ce an ci gaba. An tumɓuke tsamiyar da garin ya ci sunanta, an share iyakokin gonaki, an yanka ƙasa murabba'i murabba'i an ba kowa lamba. Gonar kakanka ta bakin fadama yanzu kanal ne ya ratsa ta. Tarakta ke huɗa, samari kuma sun koma lebura, ba mai sunkuya maka sai ka ce nawa. Ba na kuka da alkama da tumatir, sun rufa mana asiri. Ni ne ma na riƙe wa masu awo sanda, na samu aikin buɗe ƙofar ruwa da hula mai baki. Amma tun ranar ba a sake kiran Sammani gona ba, kuma ban taɓa tambayar kansa da me yake ci ba.

Saura 'yar gonarmu ta tudu da ruwan gwamnati bai kai ba, inda na shuka gero da dawa. Can za a yi. Na bi gida gida, na samu mutum goma sha tara, kusan duk masu furfura. Uba na Gidan Rimi ya ce zai zo in na yi rantsuwa ba zan sa tarinsa a akwati ba. Kowa ya tuna mini, ko da na manta, cewa gayya rance ce: wanda ya sunkuya a gonarka, sai ka sunkuya a tasa. Na ce na ji, da wannan gwiwar tawa. Akuyar innarka ce za ta yi shahada don abincin ma'aikata, ta ce in gaya maka ka sa sunan akuyar a littafin.

Ranar Asabar mai zuwa ne. Ka ce kana da jarrabawar baka a makon, ba za ka samu zuwa ba. Ba kome. Na koyi danna maɓallai biyun nan tare har cikin barci ina yi. Ka bar wa ubanka.

Innarka da ƙanwarka Binta suna gaishe ka.

Mahaifinka,
Ɗalhatu.

Tsamiyar Dogo,
21 ga Agusta, 1977.

Ɗana,

Bayan gaisuwa, wasiƙunka biyu sun zo. Ba ciwo ne ya hana ni amsawa ba, ba kuma rashin kan sarki ba. Ga dai yadda aka yi.

An yi gayya. Da ma ka gani. Hantsi bai yi ba maza suka jeru, Sammani ya rataya ganga, ya buga sau uku, sai na ga tsofaffin da ke tafiya da sanda sun zama wasu mutane. Tarin nan nasa ya ɓace. Yana bin bayan layi, yana kiran kowa da gidansu. Ka san yadda abin yake: kowane gida da baitinsa, wanda Sammani ya gada daga ubansa, da sunan kakan gidan da gonarsa da abin da aka san shi da shi. In aka zo kan naku, ka ɗaga fartanya sama ka yi kururuwa, sannan ka ci gaban layi don kada ka kunyata mai sunan. Da ya zo kan gidan su Uba, ya kira marken da ke iyakarsu wanda katafila ta cinye, Uba ya ɗaga fartanya hawaye na zuba, ya kuma tsere wa kowa da kunya biyu. Mata suna guɗa daga gindin kuka. Har direban tarakta ya tsayar da motarsa a hanya ya hau kanta yana kallo.

Ni kuwa na rataya rakoda a wuya, ta kwanta mini a ƙirji, ina bin Sammani duk inda ya yi. Na juya kaset a kan lokaci. Ban bar rana ta dake ta ba. Kaset uku na cika, na dawo gida ina tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Da la'asar na shiga ɗaki na sa don in ji. Ibrahimu, ba kowa a ciki sai ubanka.

Ban yi tunanin cewa abin da ke ƙirjin mutum bakinsa ya fi kusa da shi ba. Ganga tana can nesa kamar a wani gari, muryar Sammani tana tasowa tana nutsewa, a gaba kuwa ga ni, garau, ina tsokanar Hamza cewa fartanyarsa ta fi shi haƙora, ina tambayar wane ko tuwo ya zo ci, ina haki, ina dariyar maganata da kaina. Kaset uku. Na saurare su duka ko zan sami inda na yi shiru. Na samu wuri biyu, a ɗaya ruwa nake sha.

Akwai inda ya fi. A kaset na uku ana jin ya matso kusa da ni, ya sassauta ganga, ya ce Giɗaɗo na bakin fadama. Daidai nan wandon Hamza ya yage, ni kuma na sanar wa duniya. Abin da ya biyo baya dariyata ce har baitin ya wuce. Ban ɗaga fartanya ba, don ba ta a hannuna. Ban ma san an zo kan gidanmu ba sai a ɗaki.

Ka ce waɗancan mutanen sun tsallako teku sun rufe muryarmu da tasu. Ga ubanka ya yi maka irinta a gida, ba jirgi ba digiri.

Sammani ya kwanta tun kwana biyu bayan gayyar. An kai shi asibiti a Kano, an ba shi ƙwayoyi an dawo da shi. Da na je dubiya ya ce in kawo akwatin ya ji yadda ya fito wannan karon. Na ce batir ya mutu. Ya dube ni ya ce Akawun Ba Ofis, kai da batir ba ku taɓa shiri ba. Ka ga ya rama, har na ji daɗi. Ya ce in ya tashi, a girbin dawa zai sake yi, ko mutum biyar ne a gona. Ban gaya masa dalilin da ya sa nake so a sake ba, bai kuma tambaya ba.

Ka roƙi malaminka ya ƙara maka lokaci zuwa kaka. Ka ce masa injin ne ya samu matsala. Ba ƙarya ka yi ba, ni ne injin.

Ka yi wa Sammani addu'a. Ka yafe wa ubanka.

Ɗalhatu.

Tsamiyar Dogo,
27 ga Nuwamba, 1977.

Zuwa ga ɗana Ibrahimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu nan da sauƙi. Innarka ta gode da atamfa, Binta ta ce takalmin ya yi mata kaɗan amma ba za ta bayar ba.

Na san saƙon rasuwar Sammani ya same ka ta bakin direban motar Zariya, tun da ga ta'aziyyarka ta zo, na kuma karanta wa Ruƙayyatu. Ranar Talata ce, saura kwana goma a fara yankan dawa. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Bai fi nauyin gangarsa ba. Gangar tana nan rataye a zaure, ɗansa yana aikin famfon ruwa a Kadawa, ya ce shi bai iya ba, ba ya kuma so.

Na kai wa Ruƙayyatu damin gero, wanda al'ada ta ɗora wa duk wanda aka kira gidansu a gona. Ta ce ai ni ban ɗaga fartanya ba, har shi marigayin ya dawo yana cewa yau ma Ɗalhatu bai ji ba. Ta faɗa ne ba da nufin kome ba. Na ajiye damin na fito.

Ka rubuto cewa za ka canza kan rubutun naka, ka koma kan wani littafin Turawa da kowa ya riga ya yi magana a kansa, tun da shi ba ya tari ba ya mutuwa. Ka ce kada in damu. To ban yarda ba. Ka tashi gaban mutane ka ce garinku yana da abin nunawa, ba za a ce ɗan Ɗalhatu ya yi cika baki irin na ubansa ba. Saurara ka ji abin da nake ciki.

Ka tuna ina da ramuwar gayya a wuyana, gona goma sha tara. Da aka fara girbi na soma biya. Ran da nake gonar Uba, muna ɗaure dami, sai na ji yana gunguni. Na kasa kunne, ashe baitin gidansu ne, tun daga marke har ƙarshe, ba inda ya yi tuntuɓe. Na ce ya maimaita, na zaro fensirin da nake rubuta awon ruwa, na rubuta a bayan takardar aiki. Na tambaye shi na gidan Hamza, ya ce ina ruwansa, kowa nasa yake jira, in ana na wani kai kana sunkuye kana neman numfashi. Washegari a gonar Hamza na samu na Hamza. Haka nake bi. In yi wa mutum yini, in ya ga na jiƙe da gumi na kuma rufe bakina, sai ya ba ni na gidansu. Wasu na sa su faɗa a rakoda, na ajiye ta a gabansu na koma nesa na toshe bakina da hula. Ba muryar Sammani ba ce, ba ganga, wasu ma ba haƙora. Amma bakin masu abin ne, ba wanda ya rufe su.

Na yi gona goma sha ɗaya, ga baiti goma sha ɗaya na sa maka cikin wannan ambulan, kaset zai biyo direba. Rubutun kaza ne, ka gyara. Saura takwas. Gwiwar tana kumbura da yamma, innarka tana gasa mini tana cewa alhakin akuyarta ne.

Saura kuma ɗaya wanda ba gonar da zan je in same shi.

Na tambayi kowa na gidanmu. Uba ya ce kamar akwai farin sa a ciki. Hamza ya ce ba sa ba ne, rijiya ce. Ruƙayyatu ta ce su mata amon ganga kawai ke iso su. Kowannensu ya ƙare da tambayata, kai ba ka riƙe ba? Baffanka da zai sani ya rasu, ni kaɗai na rage.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba ran gayyar nan kaɗai ba ne. Tun rasuwar kakanka, duk shekara in Sammani ya matso ya sassauta ganga, sai in yi maza in nemo abin dariya kafin a ga hawayena. Kakanka ya cire ni daga makaranta don in riƙe masa fartanya, na yi fushi da shi, ban huce ba har aka binne shi. Shekara ashirin da biyu Sammani yana kawo mini ubana har inda nake tsaye, ni kuma ina ba da labarin wandon wani.

Na sa kaset ɗin nan ya fi sau talatin, ina kanga kunne ko wata kalma za ta ɓullo ta ƙarƙashin dariyar. Giɗaɗo na bakin fadama, shi ke nan. Fadamar ma babu.

Ga roƙona. In ka zo jera su a littafinka, ka sa na gidanmu a inda ya faɗo, bayan na su Hamza. Ka rubuta kalmomi huɗun nan, sannan ka bar fili, kamar layi shida, don na auna tsawon dariyar ya kai haka. Kada ka cike da naka, ko da ka iya. In farfesa ya tambaya me ya sa wurin ba kome, ka ce masa a nan ubanka yake magana.

Gobe ina gonar Ɗanjuma, ta goma sha biyu a ramuwar, dawarsa ta kwanta, an ce sai an sunkuya sosai. Zan tafi da fensir.

Innarka tana sa maka albarka. Ka zo da hutu, ko ba don ni ba.

Ni ne mahaifinka,
Ɗalhatu ɗan Giɗaɗo na bakin fadama.